Ziyararmu Cibiyar Kennedy, Inda Aka Tashi Zuwa Duniyar Wata

Daga birnin Orlando da ke jihar Fulorida a Amurka, tafiyar kusan awa guda ce a mota zuwa gabas kafin a isa tsibirin Merritt, inda hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasar, wato NASA, take da cibiyar da aka raɗa wa sunan Shugaba John Kennedy. Da sassafe muka kama hanya, ni da maiɗakina da yaranmu biyu, kuma tun da sauran tafiya gari ya ƙare mana gaba ɗaya. Fadama ce hagu da dama, ga ruwa kwance, ga tsuntsaye masu dogayen ƙafafu, ga kuma kadoji suna shan hantsi a bakin magudanan ruwa na gefen titi. Da gangan aka bar yawancin wannan fili babu gini, domin rokar da aka cika da mai ba ta son maƙwabta, kuma tun 1963 aka mayar da shi gandun kare namun daji. Shi ma zaɓen wurin yana da dalilansa. Ana harba roka ne ta nufi gabas ta saman Tekun Atlantika, saboda duk abin da ya rabu da jikinta ya faɗa cikin ruwa, sannan kasancewar Fulorida a kudancin ƙasar yana ba rokar ƙarin gudu kyauta daga juyawar da duniya take yi, wadda take ƙara sauri gwargwadon kusantar layin da ya raba duniya kudu da arewa.

Da shigarmu sashen baƙi muka yi kiciɓis da abin da suke kira lambun rokoki, wani fili a buɗe da aka kakkafa tsofaffin rokoki a tsaye, wata babba kuma, Saturn 1B, tana kwance a gefe. Na daɗe a gaban Redstone, irin wadda ta ɗauki Alan Shepard ranar 5 ga Mayu, 1961, domin siririya ce ƙwarai, kuma tafiyar tasa duka minti 15 ce, ya hau ya sauko cikin teku ba tare da ya zagaya duniya ba. Gidan tarihin na Amurka ne, labarin Amurka yake bayarwa, saboda haka ni na ɗauki nauyin gaya wa yara cewa makonni uku kafin nan, ranar 12 ga Afrilu, Yuri Gagarin na Tarayyar Sobiyet ya riga ya zagaya duniya cikin minti 108, kuma Sobiyet ɗin ce ta fara harba tauraron ɗan'adam, Sputnik, a 1957. Wannan tsere na zamanin yaƙin cacar baka shi ya haifi kusan duk abin da muka gani a ranar. Da yawa daga rokokin lambun ma asalinsu makamai ne masu linzami da aka ƙera domin ɗaukar bam, daga baya aka sauke bam ɗin aka ɗora kumbo da mutum a ciki, kuma Wernher von Braun, jagoran waɗanda suka ƙera Redstone, shi ne ya jagoranci ƙera wa Jamus ta Hitler makamin V-2 a yaƙin duniya na biyu. Ban ɓoye wa yara wannan ba, domin a ganina yaron da aka nuna wa roka yana da haƙƙin sanin daga inda ta fito.

A kusa akwai Atlas, irin wadda ta kai John Glenn falaki a watan Fabrairun 1962. Ƙarfen jikinta ba shi da kauri ko kaɗan, har sai an hura mata iska take iya tsayuwa ba ta lotse ba. Kafin Glenn ya hau, ya nemi Katherine Johnson, wata baƙar fata masaniyar lissafi a NASA, ta sake bin lissafin kwamfuta da hannu ta tabbatar masa. An ajiye kwaikwayon kumbunan wancan zamani da ake barin baƙi su shiga, kuma autanmu ya faɗa cikin na Mercury, shirin farko na Amurka na tura mutum sama, ya kwanta rigingine, gwiwoyinsa a sama, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Baba, ni ma da ƙyar na shiga, to babban mutum fa?" Na ce masa shi ya sa a rukunin farko na 'yan sama jannatin Amurka ba a ɗauki wanda tsayinsa ya wuce mita 1.8 ba.

Daga nan muka hau bas ɗin da ke shiga da baƙi cikin ainihin harabar cibiyar, inda har yau ake aiki. Tun daga nesa ake hango ginin da ake harhaɗa rokoki, wanda tsayinsa ya kai mita 160, amma ido ba ya yarda da girmansa sai an matso, saboda babu wani gini kusa da za a gwada shi da shi. Tutar Amurka da aka zana a bangonsa, faɗin kowane layi nata ya isa bas irin namu ya bi ta kai, kuma ƙofofinsa sukan ɗauki kimanin minti 45 kafin su gama buɗewa. A cikinsa ake ɗora sassan roka ɗaya bisa ɗaya, sannan wata katafariyar mota mai ƙafafun sarƙa, wadda aka ƙera tun 1965, ta ɗauke ta a tsaye zuwa dandalin harbawa, tafiyar fiye da kilomita 5 a kan hanyar da aka shimfiɗe da tsakuwar kogi. Gudun motar idan ta ɗauki kaya bai wuce kilomita 1.6 a awa ba. Da aka faɗi haka a lasifika, maiɗakina ta dube ni ta ce, "Baban yara, ka ji fa, sannu ba ta hana zuwa." Can gaba wajen bakin teku muka hango dandali mai lamba 39A, daga inda Apollo 11, kumbon da ya fara kai mutane suka sauka a doron wata, ya tashi ranar 16 ga Yuli, 1969, wanda kamfanin SpaceX yake haya tun 2014.

Bas ya sauke mu a ginin da aka keɓe wa shirin Apollo, wato shirin kai mutum wata. Ba a barin mutum ya ga rokar nan take, sai an fara shigar da shi wani ɗaki mai jerin tebura cike da maɓallai da ƙananan allunan kallo, waɗanda su ne ainihin na'urorin da injiniyoyi suka yi aiki da su a wancan zamani. A nan ake maimaita mintunan ƙarshe na harba Apollo 8, ranar 21 ga Disamba, 1968, tafiyar da Frank Borman da Jim Lovell da Bill Anders suka zama mutanen farko da suka bar falakin duniya suka zagaya wata. Ana jin muryoyin ma'aikata kowa yana tabbatar da cewa ɓangarensa lafiya, fitilu suna kamawa a tebur bayan tebur, ƙidaya tana sauka, sai tagogi suka kama kaɗawa da ƙarar da har a ƙirji ake jin ta. Yara ƙarar ce ta burge su, ni kuwa yawan kujerun ɗakin ne ya tsaya mini a rai. An ƙiyasta cewa mutum 400,000 ne suka yi aiki a shirin Apollo, kuma 12 kacal suka taka wata.

Sai ƙofa ta buɗe, muka tsinci kanmu a ƙarƙashin gindin Saturn V, rokar da ta kai 'yan Apollo wata. Tana kwance a kan ginshiƙai sama da kawunanmu, tsawonta mita 111, kuma abin da ya fara tarar mu shi ne bakunan injunanta biyar, kowanne faɗinsa ya haura mita 3 da rabi. Muka bi ta a ƙafa daga gindi zuwa kai, kuma wannan tattaki ya fi duk wani bayani shiga kan yara, domin rokar ƙanƙancewa take yi gwargwadon yadda ake tafiya. Sashen farko, mafi girma, kananzir da ruwan iskar oksijin yake sha, kusan tan 13 a kowace daƙiƙa, kuma cikin minti biyu da rabi ya gama aikinsa an yar da shi a teku. Na biyu da na uku haidirojin suke ƙonawa, su ma ana rabuwa da su bi da bi. Idan an cika ta da mai nauyinta yakan kai kusan tan 2,900, amma abin da yake dawowa duniya daga duk wannan shi ne ɗan kumbon da ke can ƙarshe, wanda bai wuce tan 6 ba. 'Yata, wadda ita ce babba, ta tsaya tana nazari, sannan ta ce, "Baba, ashe yawancin man nan ana ƙona shi ne don a ɗaga sauran man." Wannan kuwa ita ce babbar matsalar tafiya sararin samaniya tun daga farko har yau. Sau 13 aka harba Saturn V tsakanin 1967 da 1973. Wadda muke ƙarƙashinta an haɗa ta ne daga sashen gwaji da sassan da suka rage bayan an soke tafiye-tafiyen ƙarshe na shirin saboda tsimin kuɗi, kuma uku ne kawai irinta suka saura, sauran biyun suna Houston da Huntsville.

A wani ɗaki mai ƙarancin haske aka ajiye kumbon Apollo 14, mai suna Kitty Hawk, wanda ya je wata ya dawo a farkon 1971, kuma a nan na fi daɗewa. Jikinsa ya ƙone ya koma ruwan ƙasa, gindinsa ya babbake saboda zafin shigowa cikin iskar duniya da gudun kusan kilomita 40,000 a awa. Ana iya leƙa gadajen zane da ke manne da juna da ɗaruruwan maɓallan da ake turawa da yatsa, a wurin da bai fi cikin ƙaramar mota ba, kuma a wannan ƙunci maza uku suka yi yawancin tafiyar kwana 9 zuwa wuri mai nisan kilomita 384,000. A gefe ga rigar da Alan Shepard ya saka a doron wata, wancan dai Shepard na minti 15, wanda ya koma sama yana da shekara 47. Har yanzu gwiwoyin rigar da ƙafafunta sun yi toka-toka da ƙurar wata. Maiɗakina, wadda ta san ɗinki, ta matsa kusa da gilashin tana bin layukan zaren da ido, sannan ta ce, "Wannan ai ɗinkin keke ne." Gaskiyarta kuwa. Mata ne a jihar Delaware, ma'aikatan wani kamfani da aka sani da ɗinka kayan ciki na mata, suka ɗinka waɗannan riguna masu falle 21 a kan keken ɗinki, kuma ba a yarda allura ta kauce ko da milimita guda ba, domin huda ɗaya a inda bai kamata ba tana iya zama ajalin mai rigar. Ko ma'adanar kwamfutar kumbon, mata ne suka saƙa ta da hannu, suna zura siririyar waya ta cikin ƙananan zobba ko ta gefensu. Tun daga wannan ɗaki na daina kallon kayan wurin a matsayin injuna kawai, na koma neman alamar hannun wanda ya yi su.

Akwai kuma ɗan guntun dutsen wata da aka liƙe a cikin akwati mai rami, domin baƙo ya zura hannu ya taɓa. Dutsen baƙi ne, ya yi sumul saboda yawan yatsun da suka shafe shi, kuma shekarunsa sun haura biliyan 3. 'Yan Apollo 17 ne suka zo da shi a Disambar 1972, cikin jimillar kilo 382 na duwatsu da ƙasa da tafiye-tafiye shida suka kwaso. Na san akwai masu shakkar cewa an je wata, kuma ban taɓa ganin amfanin yi musu izgili ba, amma hujjojin suna da nauyi. Madubban da 'yan Apollo 11 da 14 da 15 suka bari a can har yau masana suna haska su daga duniya domin auna nisan wata, kumbon da NASA ta tura a 2009 ya ɗauki hotunan wuraren saukar, masana na ƙasashe da dama sun yi nazarin duwatsun, kuma Tarayyar Sobiyet, wadda ta fi kowa bukatar tona asiri da a ce ƙarya ce, ba ta musa ba.

Kafin mu fita muka bi ta sashen tunawa da Apollo 1. Ranar 27 ga Janairu, 1967, Gus Grissom da Ed White da Roger Chaffee suna cikin kumbo a ƙasa suna gwaji, wuta ta tashi a cikin iskar oksijin zalla da aka cika shi da ita, ƙofar kuma ta ciki take buɗewa, matsin iska ya danne ta, dukansu suka rasu. Ainihin ƙofar tana nan an baje ta, kusa da sabuwar da aka ƙera bayan haɗarin, wadda take buɗewa waje cikin 'yan daƙiƙu.

Da muka koma babban sashen baƙi muka nufi ginin Atlantis, ɗaya daga jiragen sama jannati masu fiffike da suke zuwa sama su dawo a sake amfani da su, ginin da ake shiga ta ƙarƙashin kwaikwayon ƙaton tankin mai ruwan lemo da fararen rokoki biyu na gefensa. Bayan ɗan gajeren fim, allon ya ɗage sama, sai ga hancin jirgin dab da mu. An karkata shi gefe guda, ƙofofin ɗakin kayansa a buɗe, dogon hannunsa da aka ƙera a Kanada a miƙe, yadda 'yan sama jannati kaɗai suka saba ganin sa. Abin da na fi yaba wa masu shirya wurin shi ne ba su wanke shi ba. Ga zanen ƙuna ya bi jikinsa, ga fararen bargunan kare zafi da ɗinkinsu a fili sun yi dauɗa, ga baƙaƙen tayil na cikinsa, kowanne da lambarsa a rubuce, domin an yanka kowanne ne daidai da gurbinsa, kuma su suke tare zafin da ya haura digiri 1,000 lokacin dawowa. Atlantis ya yi tafiya 33 daga 1985 zuwa 2011. Shi ya saki kumbon Magellan zuwa duniyar Venus da Galileo zuwa Jupiter a 1989, shi ya fara haɗewa da tashar Mir ta Rasha a 1995, shi ya kai gyaran ƙarshe ga madubin hangen nesa na Hubble a 2009, kuma shi ya rufe shirin waɗannan jirage baki ɗaya da tafiya ta 135 a watan Yulin 2011.

A ƙasan ginin akwai wani dogon zaure da ko yara suka rage murya da shigarsa. An jera akwatunan gilashi 14, ɗaya ga kowane mutum da ya rasu a jiragen Challenger da Columbia, 'yan'uwan Atlantis, kuma iyalansu ne suka bayar da kayan ciki: littattafai, takalma, kayan wasanni da abubuwan yarinta. Challenger ya tarwatse ranar 28 ga Janairu, 1986, daƙiƙa 73 bayan tashi, saboda sanyin safiyar ya sandarar da zoben roba da ke toshe mahaɗar ɗaya daga rokokin gefe, alhali wasu injiniyoyi sun yi gargaɗi tun daren jajibiri. Cikin mamatan har da malamar makaranta, Christa McAuliffe, wadda ɗalibai da yawa suke kallon tashinta kai tsaye. Columbia kuwa wani guntun soso ne na jikin tanki ya ɓalle lokacin tashi ya fasa gaban fiffikensa na hagu, kuma ranar 1 ga Fabrairu, 2003, saura minti 16 ya sauka, iska mai zafi ta shiga ta wurin ya wargaje a saman jihar Texas. A ƙarshen zauren an ajiye wani ɓangaren jikin Challenger mai zanen tuta da kuma ƙarafan tagogin Columbia. Duka haɗurran biyu binciken da aka yi ya nuna an san matsalar tun kafin ranar, an dai saba da ita ne saboda ba ta taɓa kashe kowa ba. Na daɗe ina bayyana wa 'yata wannan, domin shi ne abin da nake so ta fi riƙewa daga zauren.

Sashen da ke nuna zaman tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ya dawo wa yara da walwala. Tashar tana shawagi a nisan kimanin kilomita 400, tana zagaya duniya duk minti 90, kuma tun Nuwambar 2000 ba ta taɓa zama babu mutum ba. Autanmu ya maƙale a wurin bayanin banɗaki da jakar barci da ake ɗaurewa a bango, da yadda ake tace gumi da fitsari su koma ruwan sha. Yayarsa kuwa da ta ji cewa rana tana fito musu sau 16 a awa 24, sai ta ce, "To Baba, sau nawa mutum zai yi sallar asuba?" Na gaya mata cewa malamai sun riga sun zauna a kan wannan tambaya lokacin da Sheikh Muszaphar Shukor na Malesiya zai tafi tashar a cikin azumin 2007, inda hukumomin addini na ƙasarsa suka ba shi jagora cewa ya bi lokutan wurin da ya tashi, ya fuskanci alƙibla gwargwadon iko. Na ƙara mata cewa Musulmin farko da ya je sama, Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya, daga wannan cibiya ya tashi a jirgin Discovery a watan Yunin 1985.

Ginin ƙarshe da muka shiga, wanda aka buɗe a 2022, na abubuwan yanzu ne. A samansa an rataye sashen farko na rokar Falcon ta kamfanin SpaceX, baƙi ƙirin da hayaƙi, wanda ya tafi ya dawo ya sauka a tsaye, abin da aka fara yi a nan gaɓar a Disambar 2015. Bayan mun ga yadda ake zubar da kusan dukan Saturn V a tafiya guda, yara ba su bukaci bayani a kan amfanin wannan ba. A nan maiɗakina ta ɗauko tambayar da na san za ta zo, wato ko duk wannan ya cancanci kuɗin da aka kashe alhali akwai masu kwana da yunwa. Tsohuwar tambaya ce a wurin, domin ana jajibirin tashin Apollo 11, Ralph Abernathy, magajin Martin Luther King, ya zo ƙofar cibiyar da iyalai matalauta da amalanken alfadarai, ya faɗa wa shugaban NASA na lokacin, Thomas Paine, irin wannan magana ido da ido. Ni dai na kawo mata hasashen yanayi da ke gargaɗin guguwa da fari, da taswirar da ta kawo mu wurin a waya, waɗanda duka taurarin ɗan'adam suke yi. Ta ce waɗannan ta yarda da su, amma ba sai an tura mutum wata ake samun su ba, kuma ban ga inda maganarta ta kauce ba. Muna cikin wannan muhawara aka fara sanar da rufewa, ba mu kai ga zauren da ke ɗauke da kumbon Gemini 9 ba. Wanda zai je da yara ya fara da bas ɗin Apollo tun da safe, domin ana daina ɗaukar mutane da sauran rana, ya kuma duba jadawalin harba roka kafin ya tsayar da ranar zuwa, tare da sanin cewa gajimare ko ƙaramar matsalar inji tana iya ɗage shi a mintin ƙarshe.